Hasken da ke gano gubar funfuna a gujiya, da aikin da ya rage wa mai riƙe da faifai

A wani zaman koyar da dama kunun yara da muka yi a nan Anu Araren, wata uwa ta tsayar da ni da tambaya. Ta ce ta ji a rediyo wai gujiya tana ɗauke da guba mai lalata hanta, ga shi kuma mu ma'aikatan yaƙi da tamowa kullum cewa muke yi a sa gujiya a kunu, har ma abincin leda da ake ba yaron da ya rame, wanda kuke kira biskit, da gujiya ake yin sa. "To Malama, wanne za mu kama?" in ji ta. Na amsa mata a taƙaice a ranar, amma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Shi ya sa na rubuta wannan takarda, domin iyaye mata, da kuma masu wayar da kan jama'a da ke shiga gida-gida, waɗanda su ne za a fi jefa wa irin wannan tambaya.

Abin da ta ji a rediyo gaskiya ne. Sunan gubar aflatoksin. Wata funfuna ce ke haifar da ita, ko hunhuna kamar yadda wasunmu ke faɗi, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, tare da wata ƴar uwarta. Funfunar tana zaune cikin ƙasar gona. Tana samun hanyar shiga ƙwayar gujiya (gyaɗa, a bakin Kanawa) idan ruwa ya ɗauke kafin amfani ya nuna, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage, ko gara da tsutsa suka huda shi. Tana kuma ci gaba da aikinta bayan an cire, idan an zuba gujiya cikin buhu ba ta gama bushewa ba. Masara ita ce abokiyar gujiya a wannan jarrabawa. Ana samun gubar a aya, da riɗi, da barkono busasshe, da dabino idan ya jiƙe, amma gujiya da masara su ne kan gaba. Hatsi da dawa sun fi su tsira, ko da yake ba su kuɓuta ɗungurungum ba.

Akwai wata magana da nake yawan ji a nan, cewa iskarmu busasshiya ce, funfuna ba ta rayuwa a Abzin. Rabin gaskiya ke nan. Gujiyar da muke saye ba a nan aka noma ta ba. Daga Maraɗi da Damagaram da sauran ƙasashen kudu take zuwa, ta bi ta kasuwar Agadas kafin ta iso mu. Idan gubar ta riga ta shiga tun daga gona ko daga rumbu, bushewar iskarmu tana iya tsayar da funfunar, amma ba ta taɓa gubar. Tafasa ma ba ya kashe ta. Suya tana rage wani abu, ba ta gamawa da ita, domin sai zafi ya haura digiri 250 take rushewa, tukunyarmu kuwa a digiri 100 take tafasa. Ba ta da ɗanɗanon kanta, ba ta da wari. Kada kuma mu manta da daminarmu, gajeriya ce amma daga Yuli zuwa Satumba ƙorama takan cika, ɗaki yakan yi yoyo, buhun da ke kwance a ƙasa yakan sha laima.

Abin da take yi wa jiki

Idan an ci da yawa a ɗan lokaci, hanta ce ke faɗuwa: shawara, amai, ciwon ciki, kumburin ƙafafu. A shekarar 2004, a gabashin ƙasar Kenya, an ƙidaya mutum 317 da suka kamu bayan cin masarar da aka ajiye da laima, 125 daga cikinsu suka rasu. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Wanda ya fi damunmu shi ne cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, wanda ba ya nuna alama. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa aflatoksin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam, kuma hanta take kamawa. Mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa, ciwon kuwa ya yaɗu a ƙasashenmu. Wannan ma dalili ne na kai jariri allurar Penta a sati 6 da 10 da 14, domin rigakafin ciwon hanta na cikinta.

Game da yara, a 2002 an wallafa wani bincike da aka yi a Benin da Togo kan yara 480, daga ƴan wata 9 zuwa ƴan shekara 5. An samu alamar gubar a jinin kashi 99 cikin 100 na yaran, kuma waɗanda tsawonsu ya gaza na shekarunsu sun fi sauran yawan ta. Wannan bai nuna cewa ita kaɗai ke tsumburar da yaro ba, domin gidan da ake cin gurɓataccen abinci sau da yawa shi ne gidan da abinci bai wadata ba. Amma binciken ya nuna wani abu da ya shafi kowace uwa: alamar ba ta da yawa a jinin yaron da ke shan nono zalla, tana hawa ne idan ya fara cin abincin gida, ta ƙara hawa bayan yaye.

Guba mai walƙiya

Labarin haske ya soma ne tun ranar da aka gano gubar. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba, daga baya aka bi sawu har zuwa tunkuzar gujiya da aka shigo da ita daga Barazil. Da masana suka tace abin da ke cikinta, suka ga yana walƙiya idan an haska shi da wani irin haske a ɗaki mai duhu. Wani nau'in yana ba da shuɗi, wani yana ba da kore. Daga farkon haruffan waɗannan launuka biyu a Turanci aka samo sunayen da ake amfani da su har yau, B da G. Wanda ake kira B1 shi ne mafi muni kuma mafi yawa.

Hasken nan ba baƙo ba ne a gare ku. Shi ne na ƙaramar fitilar nan mai shuɗi-shuɗi da ake saka takardar jika goma ƙarƙashinta a banki ko a wajen manyan ƴan kasuwa, sai wasu zane-zane da ido ba ya gani su fito. Sunansa ultrabayolet. Bayanin kuwa shi ne, hasken rana ya fi abin da idonmu ke gani faɗi. Launukan bakan gizo, daga ja zuwa ruwan goro zuwa shuɗi, su ne rabonmu. Gaba da shuɗin akwai ultrabayolet, baya da jan kuma akwai wani da ake kira infrared. Wanda ke da talabijin a gida zai iya gwadawa: ya danna rimot yana kallon bakinsa, ba zai ga kome ba, ya kalle shi ta kyamarar salula, a yawancin wayoyi zai ga ɗan haske yana ƙyaftawa. Kyamara tana ganin abin da ido ba ya gani, kuma a kan wannan aka gina dukan na'urorin da zan yi magana a kansu.

Kafin na'urori, da ido aka fara. A Amurka an daɗe ana ɓarza masara a haska ta da wannan fitila, a nemi ƙwayoyin da ke ba da wani haske kore mai ratsin rawaya. A Turkiyya har gobe ma'aikata suna zama a ɗaki mai duhu suna tsince busasshen ɓaure mai irin wannan walƙiya kafin a fitar da shi ƙasashen waje. Sai dai akwai wani ƙulli a nan, kuma shi ne abin da na fi so masu wayar da kai su riƙe. Walƙiyar da ake gani a masara da ɓaure ba ta gubar ba ce. Wani sinadari ne dabam da funfunar ke fitarwa, wanda ke sauyawa idan ya haɗu da ruwan jikin tsiro mai rai. Sawun ɓarawo ne ake gani, ba ɓarawon ba. Ana samun ƙwaya mai walƙiya wadda ba ta da guba, ana kuma samun mai guba wadda ba ta walƙiya, musamman idan a cikin rumbu funfunar ta kama ta. A gujiya kuwa wannan gwaji ba abin dogaro ba ne ko kaɗan. Gubar kanta ta yi ƙanƙanta a gan ta haka, kuma sau da yawa tana can cikin ƙwaya, ƙarƙashin jan ɓawo.

Don haka idan wani ya zo muku da tocila mai shuɗin haske ya ce zai duba muku gujiya, ku gode masa ku ci gaba da tsintarku. Mai, da ragowar sabulu, da zaren buhu, duk suna walƙiya ƙarƙashinta. Kada kuma a bar yara su haska ta cikin ido.

Yadda na'ura ke tsinta

A manyan masana'antu, gujiya ko masara tana gangarowa ta wani kwararo da gudu, ƙwaya-ƙwaya. A daidai inda take faɗowa akwai fitilu da kyamarori gaba da baya. Kwamfuta tana duba hoton kowace ƙwaya, idan ta ga wadda launinta ko siffarta ta saɓa, sai wani ɗan bututu ya huro iska ya ture ta gefe, sauran su wuce. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Na'urorin farko launi kawai suke gani, irin wanda mu ma muke gani, kuma aikinsu ya fi kyau idan an fara murje jan ɓawon gujiyar, domin tabon da ke ɓoye ya fito fili.

Na baya-bayan nan sun wuce haka. Akwai kyamarar da ke raba haske gida ɗari ko fiye, maimakon gida uku na kyamarar salula, ta auna yadda kowane ɗigo a jikin ƙwaya yake shanye haske ko mayar da shi. Ƙwayar da funfuna ta ci, manta da ruwanta da taurinta sun sauya, saboda haka amsar da take ba hasken infrared dabam take da ta lafiyayya, ko da fuskarta ba ta nuna ba. Ana koya wa kwamfuta ne da misali: a ɗauki hoton dubban ƙwayoyi, a niƙa kowace a auna gubarta a ɗakin gwaji, a nuna mata wane hoto ne ya yi daidai da wane sakamako, har ta iya rarrabewa. Rauninta ma daga nan yake. Wadda aka koyar da gujiyar wata ƙasa tana iya ruɗewa idan aka kawo mata ta Madarunfa, sai an sake koya mata.

A 2018 kamfanin Bühler na ƙasar Suwizalan ya fitar da wata na'ura mai suna LumoVision domin masara, wadda ke amfani da walƙiyar nan ta ultrabayolet. Kamfanin ya ce tana iya tace har tan 15 a awa, ta rage gubar har da kashi 90 cikin 100. Wannan ta manyan ƴan kasuwa ce. Wadda ta fi ba ni sha'awa ƙarama ce, da masana daga jami'ar Cornell ta Amurka da abokan aikinsu na Kenya suka gwada, suka wallafa sakamakon a 2017. Da ƙananan fitilu masu arha aka haɗa ta, da nufin wata rana a ajiye irinta kusa da injin niƙa na ƙauye, ta tace masarar mutum kafin a niƙa. A gwajin ta rage gubar da sama da kashi 80 cikin 100. Anu Araren garin wuta ne, tun 1981 tashar SONICHAR ke ƙona gawayin ƙasa tana ba Arlit da Agadas lantarki, don haka idan irin wannan na'ura ta kai ga kasuwa, ba rashin wuta ne zai hana ta zama a nan ba. Amma ba na so kowa ya zauna jiran ta.

Me ya sa ture ƴan ƙwayoyi kaɗan yake rage guba da yawa haka? Domin gubar ba ta bazu cikin buhu kamar gishiri a miya ba. Tana cunkushe ne cikin ƙwayoyi ƙalilan, sauran kuma kusan babu kome a cikinsu. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu iya magana, a nan kuwa lissafi ya gaskata su. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce gujiyar da za a sarrafa kada ta wuce mikrogiram 15 na gubar a kowane kilo. Don ku ga ƙanƙantarsa, kamar a ce ƙwayar sukari uku ce cikin buhu 10,000 masu kilo 100. Yanzu mu ɗauki tiya guda ta ɓararriyar gujiya, mu ce kilo biyu da rabi, ƙwaya kamar 5,000. An sha samun ƙwaya guda da ke ɗauke da mikrogiram 50 ko fiye. Idan aka niƙa wannan ƙwaya tare da sauran, kowane kilo ya tashi da mikrogiram 20, tiyar duka ta haura ƙa'ida. Idan an ɗauke ta kafin niƙa, tiyar ta tsira. Bayan niƙa kuwa babu kyamarar da za ta iya raba su.

Wannan ne kuma ya sa haske ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Na'ura tana ragewa, ɗakin gwaji ne ke auna abin da ya saura. A can ana ɗibar samfuri daga wurare da yawa a cikin kaya, a niƙa, a tace, a auna gubar kanta. Akwai kuma gwajin gaggawa da ƴar takarda mai fitar da layi, mai kama da wadda ake gwada zazzaɓin cizon sauro da ita a asibiti, wadda wata ƙaramar kyamara ke karanta duhun layinta ta ba da adadi.

Amsar tambayar biskit

Abincin leda na Plumpy'Nut an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kuma a nan Nijar ya yi suna, a yunwar 2005, lokacin da aka yi jinyar dubun-dubatar yara da shi a jihar Maraɗi, yawancinsu a gidajen iyayensu. Akwai masana'antar da ke yin sa a Yamai. Kowace leda giram 92 ce, da ƙarfin abinci kalori 500. Tun a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da suka amince da wannan hanyar jinya suka gindaya masa iyakar aflatoksin wadda ta fi ta gujiyar kasuwa tsanani, kuma ba a karɓar kaya daga masana'anta sai da takardar ɗakin gwaji. Gujiyar cikinsa zaɓaɓɓiya ce. Ba shi da ruwan da funfuna za ta rayu a ciki muddin ledar ba ta huje ba. Uwar da ta hana yaro mai tamowa mai tsanani wannan abinci don tsoron guba ta saka shi cikin haɗarin da ya fi kusa da shi nesa ba kusa ba. A ba shi adadin da aka rubuta, shi kaɗai, da ruwa mai tsabta. Ledar da ta fashe ko ta kumbura a mayar da ita wurin da aka karɓo.

Ba na kuma goyon bayan a cire gujiya daga kunun yaro. Tana da mai, tana da sinadarin gina jiki, kuma a gidajen da nama da ƙwai ba na kullum ba ne, babu abin da zai maye gurbinta a kan wannan farashi. Inda nake da damuwa shi ne abin da aka riga aka niƙa. Ƙwayar da aka tsince a wani wuri ba ɓacewa take yi ba. Ana sayar da ita da arha, tsakin gujiya da ƙanƙanannu da fasassu, kuma sau da yawa ita ke komawa tigadige da ƙuli-ƙuli da man gargajiya. Binciken da aka yi kan ƙuli-ƙuli a kasuwannin Najeriya da Benin ya sha samun gubar fiye da ƙa'ida. Ga yaro ƙarami, ya fi a sayi gujiya ɗungum, da kwansonta idan da hali, a tsince a gida, a niƙa da kai. Mai sayen niƙaƙƙiya ta saya wurin wadda ta san yadda take aikinta.

Tsintar kuwa da rana ake yi, a fili, ba da magariba ba. A baza kaɗan-kaɗan a faifai yadda ƙwaya ba za ta hau kan ƙwaya ba. A fitar da mai ƙura kore ko baƙa, da wadda ta yamushe, da fasasshiya, da mai hujin ƙwaro, da wadda launinta ya bambanta da na sauran. Sannan a ɗan soya, a murje jan ɓawon, a sheƙe, a sake dubawa. Wannan dubawa ta biyu ita ce mata da yawa ke tsallakewa, alhali a nan ne tabon ruwan ƙasa da na rawaya ke bayyana, kamar dai yadda masana'anta ke murje ɓawo kafin ta nuna wa kyamara. Wadda aka tauna aka ji ɗaci ko warin ruma a tofar. Masara kuwa, idan an zo wanke ta don girki, a kwashe wadda ta taso saman ruwa, surfe ma yana rage wani abu domin gubar ta fi zama a dusa.

Ido ba zai kama duka ba, amma an auna amfanin irin wannan kulawa. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20, aka wallafa a 2005. Rabin ƙauyukan an koya musu tsintar hannu, da shanya a kan tabarma har gujiya ta bushe sarai, da zubawa a buhun algarara, da ɗora buhu a kan katako, da maganin ƙwari a ƙasan rumbu. Bayan wata 5 da girbi, alamar gubar a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ba. Babu kyamara ko ɗaya a cikin aikin. Abin da ya shafe mu daga ciki, mu masu saye, shi ne ajiya: buhu ya bar ƙasa, ya bar jikin bango, ya yi nesa da randa, kuma kada a ɗaure gujiya cikin leda tana da sauran laima. Busasshiyar gujiya tana kaɗawa cikin kwansonta, tana kuma ƙaras a haƙori.

Saura abin da aka tsince. Na san zubar da abinci yana da nauyi a zuciya, kuma al'adarmu ita ce a miƙa wa akuya. To amma dabbar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani kaso na gubar cikin nononta, wanda ake kira M1, kuma a gidajenmu nonon akuya da na raƙumi yara ne ke fara sha, da shi kuma ake yin cuku. Haka abin yake ga dusa da tunkuzar dabbobi da suka dunƙule ko suka yi kore a buhu. Ɗan abin da aka tsince daga tiya guda bai cika tafin hannu ba. A ƙona shi a murhu ko a binne shi inda kaji da yara ba za su tono ba.

Masu wayar da kai, idan kun ga mutum biyu ko fiye a gida guda, ko a gidajen da suka ci daga buhu guda, da shawara da amai da kumburin ƙafa, ku kai su asibiti a ranar, ku hana ci gaba da cin abin da ke cikin buhun, ku kuma ɗebi kamar kwano guda daga sama da tsakiya da ƙasansa ku tafi da shi, domin a samu abin aunawa.